Zaɓen Ƙwan Lantarki Mai Jin Umarnin Waya: Jagora ga Magidanta a Kebbi

Mai shago zai ɗaura maka ƙwan a holda, ya latsa waya, ya koma ja, ya koma kore, ya dushe, ya haska. Abin sha'awa ne, amma duk wannan a ƙarshe ya kamata a duba shi. Waɗanda suka ƙera irin waɗannan ƙwayaye sun ɗauka wuta ba ta yankewa, intanet ba ya tsayawa, ɗaki kuma da sanyi. A Birnin Kebbi, Jega, Argungu ko Yauri, wuta uku ce ke karɓa-karɓa a gida ɗaya: ta NEPA, ta janareta, ta sola. Don haka zaɓen yana farawa ne daga wutar gidanka, sannan a zo kan ƙwan.

Da farko, ka tabbata abin da aka miƙo maka

Ƙwai iri uku ne ke kama da juna a kasuwa. Akwai ƙwan caji, mai batir a ciki, wanda ke ci gaba da haske in an ɗauke wuta. Akwai mai canza launi da ɗan rimot kamar na talabijin. Wannan ba ya haɗuwa da waya, ba ya bin jadawali. Na ukun shi ne namu: a kwalinsa za ka ga an rubuta Wi-Fi, Zigbee, Bluetooth ko Matter, tare da sunan manhajar da yake aiki da ita, kamar Smart Life, Tuya, Tapo, WiZ ko Hue. In babu sunan manhaja a kwali, mayar masa da kayansa. Ka sani kuma, shi wannan na ukun galibi ba shi da batir. Wuta na ɗaukewa yake mutuwa kamar kowane ƙwai.

Mataki na ɗaya: wace wuta za ta shiga cikinsa?

Wutar Najeriya bolt 230 ce, a kan 50Hz. Ƙwan da aka yi domin Amurka na bolt 120 ne, gindinsa E26, yana shiga holdarmu kamar an yi shi dominta, kuma kunnawa ɗaya zai ƙone. Masu yo oda ta intanet da waɗanda 'yan'uwa ke aiko wa da tsaraba daga waje su ne suka fi faɗawa wannan ramin.

A kwalin za ka ga ɗaya cikin biyu: 220–240V, ko kuma mai faɗi kamar 100–240V ko 85–265V. A unguwar da taransifoma ta yi wa gidaje kaɗan, inda da magariba fanka ke juyawa da ƙyar, mai faɗin nan ya fi dacewa. Ƙwan 220–240V idan wuta ta yi ƙasa sosai yakan riƙa ƙiftawa, ko ya ci gaba da haske amma ya ɓace daga manhaja, domin ɗan rediyon da ke cikinsa ya mutu ya sake tashi. Kada ka yi hasashe. Sa mai gyaran wuta ya gwada da mita sau biyu, da hantsi da kuma tsakanin magariba da isha'i, ka rubuta lambobin kafin ka je kasuwa.

Masu sola su kula da abu biyu. Ƙaramar sola ta gida wadda ke kai wuta kai tsaye daga batir zuwa ƙwayaye, bolt 12 take bayarwa, kuma ƙwan 230 ba zai ko motsa a kanta ba. Sai akwai inbata a tsakani. Inbatar ma iri biyu ce. Wadda aka rubuta wa "pure sine wave" wutarta sumul take kamar ta NEPA. Mai arahar, wadda ke sa fanka gurnani, tana sa kayan cikin ƙwan ɗaukar zafi da tsuwa, ta rage masa kwana. Haka ƙaramin janareta mai cakuɗa fetur da baƙin mai: ba shi da abin daidaita wuta, da an kunna dutsen guga ko an kashe shi sai ƙarfin wutar ya yi tsalle.

Akwai kuma cin wutar da ba a gani. Ƙwan da ka kashe ta waya bai mutu ba, kunnensa a buɗe yake yana jiran umarni, yana jan wat 0.2 zuwa 0.5. Guda 10 a kan 0.5 sun ba ka wat 5, a kwana ɗaya 120Wh, a wata yunit 3.6 a mita. A wutar NEPA wannan ba wani abu ba ne. A batir mai 200Ah na bolt 12, wanda jimillarsa 2,400Wh ce kuma rabi kawai ya kamata a sha in na ruwa ne, wannan kashi ɗaya cikin goma ne na abin da kake da shi, alhali ba ka haska ko ɗaki ɗaya ba. Ƙara da rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi a gida, mai jan wajen wat 10 dare da rana.

Mataki na biyu: me yake yi idan wuta ta dawo?

Nan ne ake rabuwa tsakanin ƙwan da za a zauna da shi da wanda za a cire a jefa a kwali bayan mako biyu.

Yawancinsu, yadda suka fito daga kamfani, da wuta ta shige su sai su kama da cikakken haske. Dalili mai kyau ne: domin makunnin bango ya ci gaba da aiki. Amma ƙwan ba ya bambance hannun mutum da dawowar NEPA. An kashe fitilu ta waya ƙarfe 10, an ɗauke wuta sha biyu, an dawo da ita ukun dare, sai ga gida gaba ɗaya fayau, jariri ya farka, maƙwabta na zaton wani abu ya faru. A gidan da ake ɗauke wuta sau uku a dare, sau uku za a yi wannan.

Maganinsa yana cikin manhaja, in ƙwan na da shi. Sunan yana bambanta: "Power-on behavior" a wasu, "Default state" a wasu. A can ne ake zaɓar ya koma yadda yake kafin a ɗauke wuta: in a kashe yake, ya zauna a kashe. Ba kowane ƙwai mai aiki da Smart Life ne ke da wannan ba, domin masana'antu da yawa ne ke amfani da manhajar, kowacce da abin da ta saka. A kula ma da wata yaudara: wasu suna tuna launi da ƙarfin haske, amma ba sa tuna cewa a kashe suke. Kwali ba zai gaya maka wannan ba, sai gwaji. Haɗa shi da waya, kashe shi ta manhaja, zare wutar, jira rabin minti, mayar. In ya kama, bai dace da ɗakin kwana ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓata rai. Hanyar da ake mayar da ƙwan sabo fil, ya manta da Wi-Fi ɗinka, ita ce a kunna a kashe a jere, sau uku a yawancin na Tuya, sau biyar ko fiye a wasu. To, wutar da ke fizge-fizge lokacin hadarin damina, ko yaron da aka aika juya cenjoba yana tura hannun yana dawo da shi, daidai suke da wannan umarni. Sai ka tarar ƙwayaye shida suna ƙiftawa tare suna neman a sake haɗa su. Abin da ke hana wannan shi ne na'urar kariyar bolt da ake ɗaurawa a akwatin rarraba wuta, wadda ke yanke layi in wuta ta yi sama ko ƙasa, kuma ba ta sake ta sai ta zauna na wasu daƙiƙu. A saita jinkirin ya kai aƙalla daƙiƙa 30. Mafi alheri ma, a mayar da layin fitilu gaba ɗaya kan inbata, ta yadda ƙwayayen ba za su ma san an ɗauke wuta ba. Game da tsawa, wannan na'urar ba ta isa ba. Ana buƙatar abin kare tsalle na musamman, wanda ake kira SPD, da sandar as (earth), wato ƙarfen da ke sauke rarar wuta cikin ƙasa, wadda aka kafa sosai. In babu as, SPD ado ne kawai.

Mataki na uku: ta wace hanya zai yi magana?

Wi-Fi ya fi sauƙin farawa, ba ya buƙatar komai sai rauta. Kusan dukkansu a kan 2.4GHz suke aiki, ba sa ganin 5GHz. Inda ake tuntuɓe shi ne MiFi: galibinsu na'urori 10 zuwa 16 suke ɗauka, kuma wayoyin gida sun riga sun cinye rabi. Ƙwai na bakwai zai ƙi shiga, ko ya shiga ya kori wayar uwargida. Sannan MiFi tana bin maigida kasuwa a aljihu, ta bar ƙwayaye ba mai magana da su. Ana buƙatar rauta mai zama wuri ɗaya, da ƙaramin batirinta na bolt 12 ko layin inbata. Ƙwan ba ya cin data mai yawa, amma yawancin masu arha sai umarninka ya je sabar kamfani ya dawo. Ranar da data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, jadawali da umarni daga nesa sukan tsaya.

Bluetooth na ɗaki ɗaya ne. In shago ne ko ɗakin saurayi, ya wadatar.

Zigbee shi ne na gida mai sassa. Yana buƙatar ɗan akwatin cibiya, shi kaɗai ke haɗuwa da rauta, ƙwayayen kuma suna miƙa wa juna saƙo hannu da hannu. Gidajenmu dogaye ne: zaure, shigifa, turaka, tsakar gida, ɗakunan mata, ga katangar bulo, ga ƙofofin ƙarfe, wani wurin ginin ƙasa mai kauri. Wi-Fi daga falo da wuya ya kai ɗakin ƙarshe, amma Zigbee zai kai in tazarar kowane ƙwai da na gaba ba ta wuce mita 10 ba. Rauninsa ɗaya: in aka kashe na tsakiya a bango, na bayansa sukan yanke. Philips Hue na wannan layin ne, cibiyarsa ta gama-gari na ɗaukar ƙwai wajen 50, amma da kebul ake jona ta da rauta, kuma MiFi ba ta da wannan ƙofar. Akwai cibiyoyin Tuya masu haɗuwa ta Wi-Fi ga wanda rautarsa ba ta da ƙofa.

Matter, wanda ya fito a 2022 da goyon bayan Apple, Google, Amazon da Samsung, yarjejeniya ce da ke sa kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki a manhaja ɗaya, kuma cikin gida ba sai ta intanet ba. Alamarsa a kwali abin so ce, amma shi ma sai da na'urar da za ta jagorance shi a gida. Mai hannu a harkar kwamfuta zai iya ɗora manhajar Home Assistant a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, ya soka mata ɗan sandan Zigbee na USB, komai ya zauna a cikin gida.

A taƙaice ga hukuncin: ƙwai biyar zuwa ƙasa a sashe ɗaya, Wi-Fi, fiye da haka ko gida mai sassa, Zigbee. Kuma ka tsaya a kan manhaja ɗaya. Gidan da fitilar zaure ke wata manhaja, ta falo ke wata, ba a daɗe ake komawa makunnin bango.

Mataki na huɗu: makunnin bango da mutanen gida

Dole makunni ya zauna a kunne kullum, in ba haka ba ƙwan kurma ne. Amma Hajiya da ta shekara arba'in tana kashe fitila a bango ba za ta daina ba saboda manhaja, kuma gaskiyarta. Baƙo ma haka, yara ma haka. Ko dai a liƙa ɗan maɓalli mara waya, mai aiki da batirin agogo, kusa da tsohon makunni a rufe tsohon, ko kuma a bar ƙwan gama-gari a canza makunnin ya zama shi ne mai jin umarni, irin na Sonoff ko Tuya.

Wannan ta biyun ta fi arha a falon POP mai ƙananan fitilu takwas ko goma a layi ɗaya: makunni ɗaya ya ɗauke su duka. Sai dai yawancin irin wannan makunni na buƙatar wayar nutural a cikin akwatinsa, kuma masu wayarin da yawa wayar wuta kaɗai suke saukarwa. Mai gyara ya buɗe ya gwada, kada ya dogara da launin waya. Akwai samfurin da ba ya buƙatar nutural, yana zuwa da ƙaramar kafasita da ake ɗaurawa a wajen fitilar. In aka manta da ita, fitilar za ta riƙa ɗan walƙiya ko a kashe take. Kafin a taɓa kowace waya a kashe NEPA, a kashe inbata ita ma, domin sauke babban makunni ba ya kashe layin da ke kan batir.

Kada a taɓa ɗora ƙwai mai jin umarni a layin da ke da makunnin rage haske ko regiletar fanka. Shi yana rage haskensa daga ciki; yankakkiyar wuta tana lalata shi.

Mataki na biyar: gindi, haske da launi

Kwance tsohon ƙwan ka tafi da shi kasuwa. Mai murɗawa E27 ne, mai ƙusoshi biyu a gefe da ake dannawa a juya B22 ne, siririn na fitilar ado E14, na cikin silin mai ƙafa biyu GU10. Wasu kamfanoni suna nuna wannan a sunan samfur: Tapo L530E mai murɗawa ne, L530B mai ƙusoshi. Akwai mahaɗi tsakanin B22 da E27, amma canza holda ya fi, domin ƙwan nan ya fi na gama-gari nauyi, kuma holda mai sako-sako tana kawo irin fizgar da ke goge masa ƙwaƙwalwa.

Haske da lumen ake auna shi. Lumen 470 daidai yake da tsohon ƙwai mai wat 40, 806 da mai 60, 1,055 da mai 75, 1,521 da mai 100. Yawancin masu jin umarni 806 ne a kan wat 9 ko kusa da haka, kuma ga wanda ya saba da manyan farare masu wat 20 ko 30, duhu zai gani. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 wajen murabba'in mita 13 ne. A lumen 100 zuwa 150 kowane murabba'i, yana son 1,300 zuwa 2,000, wato ƙwai biyu. Inda yara ke karatu ko ake ɗinki, a ninka. Kwalin da ya ce wat 9 amma lumen 2,000, ƙarya yake. Araha ba ta ado.

Launin farin da K ake rubuta shi. 2700K ruwan ɗorawa ne mai taushi, 4000K tsaka-tsaki, 6500K fari fat irin wanda aka fi sabawa da shi. Mai sauyawa daga 2700 zuwa 6500 shi ya fi amfani: fari da yamma, ja-ja mai rauni kafin barci da lokacin tashin asuba. A tsakar gida kuma, musamman garuruwan fadama da bakin kogi irin Argungu da Yauri, hasken 2700K ba ya tara shinge da sauran ƙwarin damina kamar yadda fari ke yi. Mai launuka kuwa, in kana so, ka nemi wanda aka rubuta wa RGBCW ko RGBWW, mai fararen fitilu na daban a ciki. RGB zalla, mai ja da kore da shuɗi kaɗai, farinsa shuɗi-shuɗi ne mara ƙarfi. Ɗaya a falo ya isa. Masu shagon atamfa da teloli su duba CRI 90, wato ma'aunin yadda haske ke nuna ainihin launin abu, domin a ƙarƙashin 80 launin yadi yakan sauya.

Zafin bazara da ƙurar hunturu

Da yawansu an rubuta iyakar zafin aikinsu digiri 40. A Afrilu inuwa ma tana wuce haka a nan, balle ƙarƙashin kwanon da ba silin. Abin da ke fara mutuwa kafasita ce, kuma ƙa'idar masu lantarki ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Awa 15,000 da ke kwali, wadda a awa shida kullum ta kusa shekara bakwai, ba za ta cika ba a rufaffen gilashi. A bar ƙwan a fili, a sauko da holda ta yi nesa da kwano, a riƙa amfani da shi a kashi 70 ko 80 cikin ɗari. Na waje, ƙofar gida da zaure buɗaɗɗe, a nemi fitila mai IP65, wadda ƙura da feshin ruwa ba sa shiga. Gidan fitilar ya zama na roba ko gilashi. Na ƙarfe yana toshe sigina.

Haɗawa

Sayi ɗaya tak, ka gwada shi mako guda a wuri mafi nisa da rauta, a kan NEPA, janareta da inbata, sannan ka sayo sauran iri ɗaya.

1. Sa wayarka a kan Wi-Fi na 2.4GHz. In rautar ta haɗe layukan biyu da suna ɗaya, raba su ko ka kashe 5GHz na ɗan lokaci.
2. Kunna Bluetooth, ka ba manhajar izinin sanin wuri. Ba ta ganin ƙwan sai da shi.
3. Ɗaura ƙwan kusa da rauta, ka kunna ka kashe har ya fara ƙiftawa da sauri. In ya ƙi shiga, maimaita har ya koma ƙiftawa a hankali. A nan ƙwan ne ke fitar da nasa Wi-Fi, ka jona wayar da shi kai tsaye.
4. Ba shi gajeren suna: Zaure, Falo, Madafa. Alexa, manhajar Amazon mai karɓar umarni da murya, ba ta jin Hausa, saboda haka mai niyyar umarni da murya ya zaɓi sunan da za ta iya kamawa.
5. Saita halin dawowar wuta nan take, ka bar shi ya sabunta manhajar cikinsa a lokacin da kake kan inbata. Yankewar wuta a tsakiyar sabuntawa na iya kashe shi har abada.
6. Gayyaci mutanen gida ta wurin rabawa da ke cikin manhaja, kowa da asusunsa, maimakon raba kalmar sirrinka.

Fitilar waje kada a ɗaure ta da agogo, a ɗaure ta da faɗuwar rana. A Birnin Kebbi rana tana faɗuwa wajen 6:15 a Nuwamba, ta kai wajen 7:10 a Yuli. Jadawalin ƙarfe bakwai zai bar ƙofar gida cikin duhu duk hunturu. Ka tabbata wurin da ke cikin manhajar garinku ne. In ka ga jadawali ya rikice bayan doguwar ɗaukewar wuta, dalilin shi ne ƙwan ba shi da agogo mai batir, daga intanet yake karɓar lokaci, kuma yakan riga rauta tashi. Ba shi minti biyu zuwa uku. Ranar da ka canza rauta ko ka koma wani layin sadarwa, sa wa sabuwar suna da kalmar sirri irin na tsohuwar harafi da harafi, ƙwayayen za su shiga da kansu ba sai ka hau tsani ba.